Sharhi: Daga gaɓar Kribi zuwa rairayin Binuwai, ruwan da ya kwanta ma sai an karanta shi

Duk shekara idan watan Maris ya kama, zafi a Garwa kan haura digiri 40, kogin Binuwai kuma ya janye ya bar fararen tudun yashi a ƙarƙashin gada da kewayenta. Yara da samari su gangara wanka, masu wanki su baje kaya a kan rairayi, masu tipa su yi ta lodin yashi, makiyaya su kawo shanu shan ruwa. Garin da ke da nisan fiye da kilomita 1,000 daga teku ta hanyar mota sai ya wayi gari da nasa bakin ruwan na tsawon wata uku ko huɗu.

A can ɗaya ƙarshen ƙasar, da sauran gaɓar Afirka ta Yamma, wani wasa na ƙara samun karɓuwa a wajen matasa, wato hawan igiyar ruwa a kan allo, wanda Faransawa da Ingilishi ke kira surf. Ya shiga gasar Olamfik a karon farko a Tokyo a 2021, aka sake yin sa a gasar Paris ta 2024 a tsibirin Tahiti. Mutumin Garwa ko Marwa na iya cewa wannan ba ta shafe shi ba, tun da Binuwai ba ta da igiyar da za a hau. Sai dai masu wannan wasa suna da wata ɗabi'a da arewacin Kamaru ke matuƙar buƙata: ba sa sa ƙafa a ruwa sai sun san halin da ruwan ya tashi da shi a ranar.

Me ke sa a ce gaɓa ta dace da mai koyo

Masu hawan igiyar ruwa sun kasa gaɓar teku gida uku, gwargwadon abin da ke ƙarƙashin ruwan. Akwai inda igiya ke karyewa a kan duwatsu, akwai inda take zagayo wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku, akwai kuma inda take karyewa a kan tudun yashi. Wannan na ƙarshe shi ake kai masu koyo, domin wanda ya faɗi a kan yashi zai tashi da ƙafarsa, kuma sau da yawa zurfin ruwan bai wuce ƙugu ko ƙirji ba.

Igiya takan karye ne idan ta iso wurin da zurfin ruwa ya ɗan ɗara tsayinta. Inda ƙasan teku ya gangara sannu a hankali, igiyar kan fashe can nesa, ta iso gaɓa tana farar kumfa mai laushi, wadda ke tura allo ba tare da ta yi jifa da mai shi ba. Inda ƙasan ya yi gangare mai tsanani kuwa, igiyar kan naɗe lokaci guda ta maka mutum da ƙasa.

Bayan yanayin ƙasa, abu huɗu ake dubawa kowace safiya. Na farko tsayin igiya, wanda ga mai koyo ake so ya tsaya tsakanin gwiwa da ƙugu. Na biyu tazarar da ke tsakanin igiya da 'yar uwarta. Idan ba ta kai daƙiƙa 8 ba, iskar kusa ce ta tayar da ruwan, kuma yakan zo a hargitse. Idan ta kai daƙiƙa 12 ko fiye, igiyar ta taso ne daga wata guguwa mai nisa, kuma tana ɗauke da ƙarfin da ya fi abin da ido ke gani. Na uku iska: wadda ke busowa daga tudu zuwa teku tana gyara fuskar ruwa, wadda ke tasowa daga teku da rana kuma tana dagula shi, shi ya sa ake fita da sassafe. Na huɗu cikowa da janyewar teku, da ke faruwa sau biyu a yini da dare, inda lokacin ke jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Mai bin lissafin watan Musulunci ba zai sha wahalar gane wannan ba, don teku ya fi cikowa ya kuma fi janyewa a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu.

A gaɓar Mashigin Gine, manyan igiyoyi na zuwa ne daga guguwar kudancin Atlantika, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwan kan lafa. A tsakiyar wannan lokaci ne iskar hunturu, wadda ke rufe Garwa da hazo har jirage su kasa sauka, take ƙarasawa bakin teku ta buso daga tudu, ta ba masu koyo safiya mafi kyau a shekara.

Wurare uku sun isa misali. Busua, a yammacin Takoradi a ƙasar Gana, tana da dogon rairayi mai gangara a hankali da ɗan tsibiri a gabanta da ke rage ƙarfin ruwa, abin da ya sa ta zama cibiyar koyon wasan a ƙasar. Tarkwa Bay a Legas ta samu kwanciyarta ne daga katangun duwatsu da aka gina don kare mashigar tashar jiragen ruwa, kuma sai da jirgin ruwa ake isa can. Kribi, a kudancin Kamaru, tana can cikin lungun mashigin, inda igiyoyi kan iso sun riga sun rage ƙarfi, shi ya sa iyalai daga Yawunde da Duwala ke tururuwa can a ƙarshen mako da lokacin hutu.

Inda ido ke yaudarar mutum

Ko a irin waɗannan wurare, teku na da tarkonsa. Duk ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya nemi hanyar komawa, kuma yakan yanka wata kwata tsakanin tudun yashi ya bi ta nan da gudu. A kan wannan kwata igiya ba ta karyewa saboda wurin ya fi zurfi, sai fuskar ruwan ta zama lumui, launinta ya ɗan fi duhu. Baƙon da ya zo daga tudu, ya ga kumfa dama da hagu, ya ga tsakiya shiru, nan zai zaɓa ya shiga, alhali nan ne ruwan ke ja.

Gudun wannan ruwa mai ja kan wuce mita 2 a daƙiƙa guda a wasu lokuta, saurin da ko gwanin gasar ninƙaya ba ya iya yi wa gaba da gaba. Ƙungiyar masu ceto a bakin teku ta Amurka ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da jami'anta ke cetowa a gaɓa mai igiya, wannan ruwa ne ya ja su. Ba ya danna mutum ƙasa. Abin da ke kisa shi ne firgita da gajiya, idan mutum ya dage sai ya komo tudu ta hanyar da ruwan ke fita. Dabarar ita ce ya kwanta a kan ruwa ya huta, ya ɗaga hannu a gan shi, sannan ya yi iyo a kaikaice, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga kwatar, wadda galibi ba ta da faɗi sosai.

Wannan bayani ya shafi Hausawa kai tsaye. 'Yan arewa da ke zaune a New Bell ta Duwala, da Briqueterie ta Yawunde, da Nima da Sabon Zango a Akara, da zangunan Kwatano da Lome, da Agege da Idi-Araba a Legas, da yawansu kan kai iyali bakin teku ranar sallah ko washegari. Haka ma direbobin manyan motoci da leburorin da tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Kribi ta jawo tun da ta fara aiki a 2018. Wanda ya koyi iyo a kududdufi ko a mayo yana da ƙarfin hannu, amma bai taɓa haɗuwa da ruwan da ke ja da baya ba.

Ilimin ruwa ba baƙo ba ne

Ana yawan ɗauka cewa Turawa ne suka kawo wannan wasa Afirka, musamman tun bayan fim ɗin The Endless Summer na 1966, wanda aka ɗauki wani sashensa a Senegal da Gana da Najeriya. Masanin tarihi Kevin Dawson, a littafinsa Undercurrents of Power na 2018, ya nuna cewa tun a shekarun 1640 wani Bajamushe ya rubuta yadda yara ke wasa da katako a cikin igiyar ruwa a gaɓar da yau ake kira Gana, kuma a shekarun 1830 wani Bature ya ga irin haka a Akara. A Kamaru ma, matafiya na ƙarni na 19 sun ba da labarin masuntan Batanga, kudu da Kribi, da ke hawan igiya da 'yan ƙananan kwalekwale marasa nauyi. Har yau al'ummar Sawa na tseren kwalekwale a kogin Wuri lokacin bikin Ngondo a Duwala, bikin da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024.

Ƙasar Hausa ma tana da nata. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta amince da shi a 2016, masunta na kifa ciki a kan babban gora su yi ta yawo a kan kogin Matan Fada, koma a hannu. Wanda ya ga mai koyon hawan igiya kwance a kan allonsa yana tuƙi da hannu, zai tuna da wannan. A wasannin Kabanci ana gasar iyo da nutso da tseren jirage da kamun agwagwar ruwa. Kuma ba mai shiga kogin sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Aikin wannan sarauta a asali shi ne sanin halin ruwa da faɗa wa jama'a, wato abin da mai gadin gaɓa ke yi yau da tuta da usur.

A Binuwai da tafkin Lagdo akwai masu irin wannan sani: masunta Hausawa da Kotoko da Musgum da sauran waɗanda kifin tafkin ya jawo daga Najeriya da Chadi har da Mali. Matsalar ita ce iliminsu na tsayawa a cikin sana'a, daga uba zuwa ɗa. Yaron da ya taso a unguwannin cikin birni, mahaifinsa ɗan kasuwa ko ma'aikacin Sodecoton, ba ya samun ko kaɗan daga ciki, kuma shi ne zafin Afrilu ke korowa bakin kogi.

Abubuwan da ke juya Binuwai a Garwa

Idan za a yi wa kogin irin lissafin da ake yi wa teku, abu biyar ne za a duba.

Na farko madatsar Lagdo, mai nisan kusan kilomita 50 a sama da Garwa, wadda Sinawa suka gina tsakanin 1977 da 1982. Tafkinta ya kai faɗin murabba'in kilomita 586, injinanta huɗu kuma an yi su ne don samar da megawat 72. Tun daga lokacin, kogin ya daina bin sama kaɗai. Da rani, kaso mai yawa na ruwan da ke wucewa ta Garwa shi ne wanda ya bi ta cikin injinan wuta, saboda haka yawansa na da alaƙa da buƙatar lantarki da kuma abin da ya rage a tafkin. Mashigin da ya tsaya a gwiwa yau yana iya canzawa ba tare da ɗigon ruwan sama ya sauka ba. Madatsar ta kuma rage ambaliyar shekara-shekara da manoman muskuwari ke dogaro da ita, ta ƙara taƙaita 'yan makonnin da jirage ke iya hawowa daga Najeriya zuwa tsohuwar tashar Garwa.

Na biyu Mayo Kebbi, da ke fitowa daga Chadi ya haɗu da Binuwai kafin a iso birnin. Ruwansa ba ya bi ta Lagdo. A farkon damina, ruwan da aka yi a can nesa na iya isowa alhali sararin Garwa garau yake. Haka ƙananan mayo da ke bushe ƙayau duk rani suke cika cikin ɗan lokaci, kuma duk wanda ya zauna a Marwa ya san yadda Mayo Kaliyawo ke yi.

Na uku haƙar yashi. Birni na bunƙasa, gini na buƙatar yashi, kuma ɗaruruwan magidanta na cin abinci daga wannan aiki. Sai dai kowane rami da aka bari yana zama gurbi mai miƙaƙƙen baki idan ruwa ya rufe shi. Yaro na tafiya ruwa iya cinya, taku ɗaya ya ji babu ƙasa. Wannan shi ne takwaran kwatar teku: wurin da ya fi zurfi shi ne ya fi kama da kwanciyar hankali, kuma inda yake bara ba lallai nan yake bana ba.

Na huɗu dorina. Garwa na cikin biranen da ake iya hango dorina daga kan gada, har ta zama abin nuna wa baƙi. Amma dabba ce da nauyinta ke haura tan guda da rabi, mai tsare yankinta a cikin ruwa, musamman uwa mai ɗa. Da rani, idan ruwa ya ragu, dorinai kan taru a 'yan guraben da suka rage da zurfi. Suna fita kiwo da dare su komo da asuba, don haka goshin magariba da sassafe su ne lokutan da ake karo da su. A teku sassafe ne lokaci mafi aminci, a Binuwai kuwa lissafin ya sha bamban.

Na biyar tsargiya. Ƙwayar cutar na rayuwa ne a jikin wasu ƙananan katantanwa da ke son ruwa mai ɗumi, marar gudu, mai ciyayi, ta kuma shiga jikin mutum ta fata. An daɗe da sanin yawanta a yankunan noman rani na Lagdo da Maga. Ruwan gishiri ba ya ɗauke da ita. A kogi kuwa, wurin da uwa za ta ga ya fi dacewa da ɗanta saboda ba shi da zurfi kuma ba ya gudu, shi ne sau da yawa ya fi haɗarin wannan cuta. Fitsarin jini a wajen yaro alama ce ta a je asibiti, kuma maganin praziquantel da ake rabawa a makarantu yana kashe tsutsar.

Sanarwar da ke tsallaka iyaka, da wadda ba ta isa bakin ruwa

A matakin gwamnatoci, maganar Lagdo ta daɗe da zama ta ƙasa da ƙasa. A 2012, bayan an buɗe ƙofofin madatsar a tsakiyar damina mai ƙarfi, hukumar NEMA ta Najeriya ta ƙirga mutum 363 da suka rasu da fiye da miliyan 2 da suka bar gidajensu, yankin Garwa da na Arewa Mai Nisa ma suka sha tasu ambaliyar. A 2022 waɗanda suka rasu a Najeriya sun haura 600. Kowane karo sai a tuna da madatsar Dasin Hausa a jihar Adamawa, wadda aka tsara tun shekarun 1980 don ta tare ruwan da Lagdo ke saki, amma har yau ba a gina ta ba. Ministan albarkatun ruwa na Najeriya a 2022, Suleiman Adamu, ya shaida wa majalisa cewa mafi yawan ruwan daga sama ya sauko a cikin Najeriya kanta, kuma akwai gaskiya a ciki, tun da manyan rassa irin su Faro da Taraba da Katsina-Ala duk a ƙasa da Lagdo suke shiga kogin.

An samu ci gaba ta fuskar sanarwa. A Agustan 2023 Kamaru ta rubuta wa Najeriya kafin ta buɗe ƙofofi. A Satumban 2024 hukumar NIHSA ta bayyana cewa za a fara sakin ruwa ranar 17 ga wata, daga kubik mita 100 a daƙiƙa, a ƙara a hankali har zuwa 1,000, ta kuma ja kunnen jihohi 11. Ƙasashen biyu, tare da Chadi da Nijar, mambobi ne a Hukumar Kogin Kwara mai hedkwata a Yamai.

Amma irin wannan sanarwa ta damina ce, kuma daga ofis zuwa ofis take tafiya, da Faransanci ko Ingilishi, cikin ma'aunin da mai wanki ko ɗan kwalekwale ba ya aiki da shi. Kubik mita 1,000 ba ya gaya wa uwa a Pitowa ko a Jimeta ko ruwa zai kai inda 'ya'yanta ke wasa. Abin da gaɓar masu koyo ta fi kogi da shi ke nan: an mayar da lissafin masana zuwa tuta mai launi uku da kowa ke ganewa, aka kuma ajiye mutum yana kallo.

Abin da alƙaluma ke cewa

Rahoton farko na Hukumar Lafiya ta Duniya kan matakan hana nutsewa, wanda ya fito a Disamban 2024, ya ƙiyasta cewa mutum 300,000 ne suka nutse a 2021. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, fiye da rabi kuma ba su kai shekara 30 ba. Daga 2000 zuwa 2021 yawan mace-macen, gwargwadon yawan jama'a, ya ragu da kashi 38 cikin 100 a duniya, amma a yankin Afirka da kashi 3 kacal, kuma nan ne adadin ya fi yawa idan aka kwatanta da yawan jama'a. Tun 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa.

Masu karatu a Najeriya ba su manta da Bagwai ba, inda a ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari a jihar Kano, mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Ba su manta da Patigi ba, inda a Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a kogin Kwara suna dawowa daga biki. Irin waɗannan su ne ke shiga labarai. Yaron da ya nutse shi kaɗai a ramin yashi, aka yi masa sutura kafin la'asar, da wuya ya shiga wani rajista, don haka hukuma ba ta ganin girman abin balle ta ware masa kuɗi.

Abin da za a iya yi, da abin da zai hana

Za a iya cewa yankin da ke fama da ɗaukewar wuta, da kwalara, da masu garkuwa da mutane a Mayo Rey, ba shi da sukunin tunanin wurin wanka. Amsar ita ce yara na shiga kogin ko an shirya ko ba a shirya ba, kuma haramcin da hukuma kan yi bayan an rasa rai yakan kore su ne zuwa inda ba mai ganinsu. Matakan da suka yi aiki a wasu ƙasashe ma ba masu tsada ba ne. A Bangaladesh, shirin SwimSafe ya koyar da ɗimbin yara a cikin kududdufan ƙauye da aka kewaye da dandamalin gora, da burin yaro ya iya iyon mita 25 ya kuma tsaya a kan ruwa na daƙiƙa 30. An haɗa da wuraren renon ƙanana da safe, lokacin da iyaye mata ke cikin aiki, kuma binciken da aka yi ya nuna raguwa mai yawa a mace-macen yaran da suka shiga.

A Garwa, mafari shi ne magajin gari da fadar Lamiɗo su keɓe wuri ɗaya ko biyu kowane rani, masunta su auna ƙasansa da sanda, a kewaye shi da igiya da jarkoki, a hana haƙar yashi a kusa. Makarantar horar da jami'an namun daji ta Garwa, wadda ke aiki tun 1970, tana da masanan da za su iya nuna guraben dorina. Ma'aikatan lafiya su duba katantanwa. Masu tafiyar da tashar Lagdo su riƙa ba gidajen rediyo bayanin ruwan da za a saki, a karanta da Fulatanci da Hausa bayan labaran safe, cikin ma'aunin gwiwa da ƙugu da ƙirji. Samarin masunta, idan 'yan kwana-kwana suka koya musu farfaɗo da wanda ya sha ruwa, za su iya zama masu gadi a biya su ɗan alawus.

'Yan mata na buƙatar tsari na musamman. Su ne ke zuwa wanki da ɗibar ruwa, su ne ke cika jirgi ranar kasuwa da ranar biki, zani da hijabi kuma na yin nauyi a ruwa, amma su ne ba a koya wa iyo. A Senegal, Khadjou Sambe, 'yar masuntan Lebu a Dakar, ta zama mace ta farko a ƙasar da ta ɗauki hawan igiya sana'a, ta kuma koma tana koyar da 'yan mata a unguwarsu. Iyaye a arewa za su fi sakin jiki idan malaman mata ne, lokacin daban ne, suturar kuma ta rufe jiki ba tare da ta sha ruwa ba.

Akwai kuma darasin da ya kamata a kiyaye. A Janairun 2020 sojojin ruwan Najeriya sun tashi dubban mazauna Tarkwa Bay bisa zargin fasa bututun mai, cikinsu har da iyalan yaran da suka raya wasan a wurin. Bakin ruwa idan ya yi daraja, talakan da ke zaune a kai shi ake fara ture wa. Garwa ta samu sabbin otal da hanyoyi albarkacin gasar cin kofin Afirka da aka buga a filin Roumdé Adjia a Janairun 2022, kuma maganar jawo masu yawon buɗe ido zuwa kogi da tafkin Lagdo ba ta ƙarewa a bakin hukumomi. Duk tsarin da zai kori masu wanki da masunta da masu yashi don a gyara wa baƙi wuri, zai kori mutanen da suka fi kowa sanin inda ramukan suke.

Kafin hukuma ta motsa, abin da ke hannun iyali a bayyane yake. A kogi, a tambayi masunta kafin a shiga, a guji asuba da magariba, kada a bar ƙaramin yaro a hannun yayansa da bai fi shi da shekara uku ba, kada a hau jirgin da ya cika ko wanda zai tashi da dare. A teku, a shiga inda kumfa ke fashewa kuma mutanen gari ke wanka, a bar wurin da ya yi shiru. Wanda ya ga wani na nutsewa ya miƙa masa sanda ko ya jefa masa jarka, domin sau da yawa mai ceton da ya faɗa ruwa hannu sake shi ma ba ya fitowa. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma yaron Garwa da ya koyi hakan a Binuwai zai tafi da shi duk inda neman abinci ya kai shi, ko Yola ko Lokoja ko Kribi.